Jijiya da Sabuwar Ƙafa

Dukanmu mun san tsaka, in wutsiyarta ta gutsure wata takan fito. To, akwai wata halitta dangin kwaɗo mai suna salamanda, mai wutsiya da ƙafa huɗu, wadda ta fi tsaka. Babu ita a ƙasashenmu, an fi samunta a Turai da Asiya da Amurka. In aka yanke mata ƙafa, sabuwa takan tsiro, da ƙashi, da tsoka, har da yatsu.

Yaya abin yake faruwa? Fata takan rufe bakin raunin, sa'an nan ƙwayoyin jiki su taru a ƙarƙashinta kamar tohon itace, su yi ta rarrabuwa. Amma a 1823 wani likita, Tweedy John Todd, ya lura cewa in an datse jijiyar da ke shiga ƙafar, tsirowa ba ta yiwuwa. Ba jijiyar jini muke nufi ba, jijiyar nan ce mai kai saƙo da jin zafi. Daga baya Marcus Singer na Amurka ya nuna yawan zaren jijiya ne abin lura, in bai kai ƙima ba tohon ba ya girma. Ashe ban da saƙo, jijiya tana fitar da sinadarai masu sa ƙwayoyin su rayu su hayayyafa. A 2007 masana a Landan suka gano ɗaya, nAG. Da suka sa ƙafar da aka datse wa jijiya ta riƙa yin sa, sai ta tsiro.

Wannan yana tuna mana koyarwar Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 12, cewa gaɓoɓin da ake rainawa su ne jiki ba ya iya yi ba tare da su ba. Wa yake ganin jijiya? Tambayi mai kuturta ko mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta daina ji, gyambonsa ya ƙi warkewa. Irin su ne ikkilisiya ta wajaba ta ziyarta, domin ɗan adam ba ya sāke toho kamar salamanda, ƙafar da aka yanke ta tafi ke nan.

Akwai wani abin mamaki kuma. A 1959 aka nuna cewa ƙafar salamandar da ta girma tun farko ba jijiya, takan tsiro ba tare da ita ba. Sai wadda ta saba da jijiya ce ba ta iya rabuwa da ita.