Zanen da ba ya kwaikwayon siffa, daga Lisbon zuwa Zariya

Akwai nau'in zanen da ba za ka ga fuskar mutum ko raƙumi a cikinsa ba, sai layi da launi da kusurwa. A Fotugal ya yi ƙarfi ne a tsakiyar ƙarni na 20, zamanin mulkin kama-karya na Salazar. Fernando Lanhas, wanda ya karanci tsara gine-gine a Porto, ya fara shi a 1944. Amma wadda ta fi yin suna ita ce Maria Helena Vieira da Silva, haifaffiyar Lisbon a 1908, da ta koma Faris a 1928. Takan cika allonta da ƙananan murabba'ai, ɗaya na bin ɗaya, har ido ya ɓace kamar baƙo a lungunan tsohon birni. Auren baƙo ya sa ta rasa takardar zama ƴar ƙasa, sai a 1956 Faransa ta ba ta tata.

A wajenmu, a 1958 ɗaliban kwalejin fasaha ta Zariya suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ƙi bin salon Turawa ido rufe. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya ɗauko uli, adon layi na matan Ibo, ya hau da shi takarda.

Ni a ganina mutumin Damagaram ba baƙo ba ne ga irin wannan zane. Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya ga dagi da sauran zayyana a fuskar zaure, waɗanda magina ke fitarwa da hannu tun laka tana ɗanya, kuma yawancin maginan ba a rubuta sunayensu ba.