Dalilin da ya sa makomar kifi da namun daji a arewacin Kano take hannun manomi

Idan ana maganar kare namun daji a Jihar Kano, hankali yakan tafi dajin Falgore da ke kudancin jihar. Amma a arewa, wato ƙasashen Ɓagwai da Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir, babu wani babban daji da ya rage da za a killace. Gona ce ke manne da gona, ana nome ta kowace damina ba hutu. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana yankin a matsayin ɗaya daga cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma.

Saboda haka, mazaunin da ya rage wa halittu a nan iri biyu ne: bishiyar gona da ruwa.

A kan kuka da tsamiya da ɗorawa shamuwa ke yin sheƙa idan ta iso gabanin damina. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ya kuma yi fure lokacin da ƙudan zuma ke ƙarancin abinci. A cikin shinge da ciyawar iyakar gona ne zomo da bushiya da fakara ke fakewa. Duk bishiyar da aka sare don itace ko gawayi, ba a bar wata ta maye gurbinta ba, gida ne aka rushe. Ungulu ta isa misali: a da ba a raba ta da mahauta, yau ganinta sai an dace. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma guba da farautar ta don haɗa magani na cikin dalilan.

Ta fuskar ruwa, madatsu irin su Watari da Tomas da Jakara sun samar wa masunta tarwaɗa da karfasa. Sai dai madatsar Jakara da ke Wasai tana karɓar dattin birnin Kano da dagwalon masana'antun Bompai. A sauran wuraren kuma, su da gidan sauro ko koma mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ga haihuwa ba, noma har bakin ruwa yana cika madatsa da yashi, maganin feshi yana gangarawa ciki. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya, amma doka ba ta aiki sai da mai tsaron ta, shi ya sa muryar sarkin ruwa da mai unguwa ke da nauyi.

Akwai darasi a maƙwabta. A Maraɗi, daga shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a sare shi. Ta haka miliyoyin kadada suka farfaɗo a Nijar ba tare da dashe ba.

Manomin Kunci ko Tsanyawa zai iya yin haka da gatarin da ke hannunsa: ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su. Masuncin Watari kuma ya ɗaga wa kifi ƙafa a farkon damina, lokacin da yake zuba ƙwai, domin ya sami abin kamawa baɗi.