Waƙa Takwas da Littafi Ɗaya

Mai karatu, a ce yau jirgin ruwa ya kife da kai a tsakiyar teku, Allah ya kiyaye, igiyar ruwa ta jefa ka wani tsibiri inda babu ɗan Adam ko ɗaya, ba ka kuma san ranar fita ba. A ce an yardar maka ka riƙe waƙa takwas, da littafi ɗaya, da wani abin marmari guda. Me za ka ɗauka?

Wannan tambaya ba ni na ƙago ta ba, ta ma girmi ƴancin kan ƙasarmu da shekara 18. Gidan rediyon BBC na Landan, wanda mu nan muka fi sani ta sashensa na Hausa da aka buɗe a 1957, yana da wani shiri cikin harshen Ingilishi mai suna Desert Island Discs, watau faya-fayan tsibirin da ba kowa. Wani mutum da ake kira Roy Plomley ne ya tsara shi, aka fara watsa shi ran 29 ga Janairu 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. An dakatar da shi daga 1946 zuwa 1951, sannan aka koma. Plomley ya riƙe shi har rasuwarsa a 1985, wasu suka gaje shi, kuma har yanzu ana yin sa. Tun a 2014 yawan shirye-shiryen ya kai 3,000.

Tsarinsa ba shi da wuya. Ana gayyato wani sananne, ko minista, ko marubuci, ko likita, ko ɗan wasa, a ce masa ga shi can shi kaɗai cikin tsibiri, da garmaho da alluran da ba su ƙarewa. Sai ya faɗi faifansa na farko da dalilin zaɓensa, a sa a ji kaɗan, ya ba da labarin ƙuruciyarsa, a wuce ga na biyu, har takwas su cika. Daga 1951 aka ƙara littafi da abin marmari. Da yake kusan kowa zai ce Baibul ko rubuce-rubucen Shakespeare, babban marubucin Ingila, sai aka mai da waɗannan biyu kyauta, domin mutum ya nemo na uku da kansa. Wanda ba Kirista ba a ba shi littafin addininsa. Abin marmari kuwa da sharaɗi: kada ya zama mai rai, kada ya zama abin da zai taimake ka ka gudu ko ka aika saƙo. Ba kwalekwale, ba waya. A ƙarshe sai a yi tambayar da ta fi duka nauyi: in ruwa ya taso zai kwashe faya-fayan, wane guda za ka ruga ka ceto?

An ga abin dariya a shirin. A 1958 wata shahararriyar zabiya Bajamusa, Elisabeth Schwarzkopf, ta zaɓi faifai takwas, bakwai daga ciki muryarta ce. A nan ƙasar da sai mu ce ta yi wa kanta kirari ta kuma yi wa kanta guɗa. A 1992 John Major, yana kan kujerar firaministan Birtaniya, ya roƙi a kai masa filin wasan kurket na Oval sukutum a matsayin abin marmarinsa. Ni dai abin da na lura shi ne, manya sukan fara da zaɓen abin da zai sa a ce suna da ilimi, amma kafin a kai ga faifai na biyar ko na shida gaskiya ta fito: waƙar da uwa take yi a gida, ko wadda aka kaɗa ranar aure, ko wadda aka ji daren da aka yi rashi.

To, wani zai ce ina ruwanmu, mu da ba mu da teku? Tsibiran da muka sani, irin Lete na kogin Kwara, wanda kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a 2005, da na Tafkin Cadi, duk akwai masunta da makiyaya a cikinsu. Gaskiya ne. Amma a tambayi malamin lakwal ko ma'aikacin lafiya da aka tura Fashi ko Bilma yana saurayi, da akwati guda, rairayin Tenere ya kewaye shi gabas da yamma, dare ya yi ba mai hira da shi cikin harshen da aka yi masa reno. Shi ya san abin da ya saka cikin akwatin nan, ya kuma san abin da ya yi da-na-sanin bari. Tambayar Plomley ba wasa ba ce gare shi.

Akwai kuma wanda abin ya faru gare shi a zahiri, labarinsa ne ya sa na sake tunani a kan nawa zaɓen. Sunansa Alexander Selkirk, matuƙin jirgin ruwa ne daga Sukotlan. A 1704 ya yi gardama da shugaban jirginsu, yana cewa jirgin ya ruɓe, ba zai kai su ba, gara a sauke shi. Aka kuwa sauke shi a wani tsibiri na Juan Fernández, can yamma da ƙasar Cile, da bindiga, da gatari, da wuƙa, da tukunya, da shimfiɗa, da Baibul. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma maganarsa ta tabbata, don jirgin ya nutse daga baya. Shekara huɗu da wata huɗu ya yi shi kaɗai. Abinci bai gagare shi ba: ya riƙa kama awakin daji da gudu, ya ɗinka tufafi da fatunsu, ya saba da kyanwoyi don su kore masa ɓeraye. Abin da ya nemi kuɓuce masa shi ne magana. Kullum yakan buɗe littafinsa ya karanta da ƙarfi, ya rera waƙoƙin ibada, don kada harshensa ya mutu. Duk da haka, da wani jirgi ya ɗauke shi a Fabrairu 1709, shugaban jirgin ya rubuta cewa da kyar suke gane abin da yake faɗi, yana fitar da kalmomi rabi-rabi. Ana ganin daga labarinsa ne Daniel Defoe ya samo tushen littafin Robinson Crusoe na 1719, kuma a 1966 gwamnatin Cile ta sa wa tsibirin wannan suna.

Wanda yake da littafi yana karantawa da ƙarfi ke nan. Ina ga wanda ba shi da shi?

Saboda haka da na zauna zaɓen nawa, sai na daina tambayar wace waƙa ta fi daɗi, na koma tambayar wace ce za ta sa in buɗe baki. Nan na ga darajar amshi. Waƙar Bature ta cikin faifai yawanci zama kake ka saurara. Amma waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ta cika sai da ƴan amshi: ya kai baiti, kalangu ya amsa, su karɓa, ya sake. Wanda yake tsibiri da faifan Shata ya sami aiki, don shi ne zai zama ɗan amshi, ko yana so ko ba ya so. Haka Narambaɗa da kotsonsa, ga Hausa mai zurfi wadda za ka shekara kana warware ta ba ka ƙare ba. Haka Musa Ɗanƙwairo. Na sa Ma'azu Ɗan Alalo saboda Damagaram, na sa Mamman Gawo Filinge, na sa Sa'adu Bori na Maraɗi don ranar da jiki ya nemi motsi. Shida ke nan.

Ɗan Maraya Jos ya ba ni wahala. Mutum ɗaya ne da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba mai karɓa masa, kamar dai halin da zan shiga. Ina jin tsoron kada ya ƙara mini kewa, amma ban iya barinsa ba. Na takwas kuwa na Malam Mamman Barka ne, wanda ya rasu a 2018. Shi ne ya tafi Tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram wajen tsohon da ya rage da saninta. Biram abin kiɗa ne mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, na masuntan Buduma mazauna tsibiran tafkin. In ana maganar kiɗan tsibiri, mu ma ga namu. Da wuri ya cika sai na tuna da waƙar niƙa ta tsofaffin gidanmu, wadda ba wanda ya taɓa ɗauka a faifai ko kaset. Dokar shirin ba ta san da irinta ba, sai dai in tafi da abin da ya rage mini a ka. In ruwa ya taso kuwa, Narambaɗa zan ceto.

Sai littafi. Alƙur'ani dai kyauta ne bisa ƙa'ida, kuma a nan alaramman da ya haddace izu sittin ya riga kowa, don nasa ba ya jiƙewa. Na ukun ne abin shawara. Da yake fassara ce sana'ata, zuciyata ta fara karkata ga ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000. Mutum zai iya ɗaukar kalma goma kowace safiya ya yi shekara goma bai kai ƙarshe ba. Amma ƙamus rumbu ne, hatsi ne a zube, ba tuwo ba. Ba mai yi maka magana a cikinsa.

Na tsaya a kan Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga kashi uku daga 1937 zuwa 1939. In an ce uku ba ɗaya ba ne, sai in kai wa baduku ya ɗinke mini su wuri guda. Dalilina biyu ne. Na farko, an rubuta shi da Hausar baki, wadda take neman a karanta ta da murya, a sauya harshe in sarki na magana, a sauya in wawa ne. Na biyu, ginin littafin farko kansa ya dace da tsibiri: aku ne yake ba ɗan sarki labari bayan labari don ya riƙe shi a gida, kada ya fita ya halaka. Wanda yake zaune bakin teku yana tunanin faɗawa ruwa ya yi iyo zuwa inda bai sani ba, irin wannan aku yake bukata.

Sai dai akwai abin da ya dame ni, shi ne ma ya sa na rubuta wannan. Zaɓen waƙa ya ci mini kwana uku, ina sawa ina cirewa, don yau ƙaramin katin waya yana ɗaukar waƙa dubbai. Zaɓen littafin Hausa bai ci mini rabin awa ba. Ba don na fi sanin littafi ba ne, don abin zaɓen ne bai da yawa a hannuna, kuma waɗanda suka zo mini a rai kusan duka daga Zariya da Kano suka fito. Tun 1963 ake yaƙi da jahilci a ƙasar nan. Manoma da mata da masu sana'a sun yi watanni suna zuwa aji bayan gajiyar yini, sun karɓi takardar shaida da murna. Da yawansu sun koma gida inda abin karantawa bai wuce rubutun buhun taki da katin rigakafi ba, shi ma galibi da Faransanci. Na taɓa zama da wani dattijo da ya gama ajinsa da yabo. Bayan ƴan shekaru na miƙa masa takarda, yana bin baƙaƙen da yatsa, yana fitar da su rabi-rabi kamar Selkirk ranar da aka ɗauke shi. Shi ba teku ta kewaye shi ba, yana tsakiyar danginsa. Da an ce masa ya zaɓi littafi ɗaya, da ya ce a fara nuna masa biyu.

Wannan magana ta ma'aikata ce, har da ni. Kowane ofishin gunduma yana da injin buga takarda. Tarihin garin, da labarin fari da yunwar da tsofaffi suka gani, da waƙoƙin niƙan nan da ban samu a faifai ba, duk ba su fi ƙarfin shafi ashirin-ashirin ba, in an sami mai zama ya rubuta.

Abin marmarina ban sha wahalarsa ba: butar shayi da ƴan kofunanta, da ganye da sukari marasa ƙarewa kamar alluran Plomley. Na so in ce rediyo, sai na ga in na ɗauke ta waƙa takwas ɗin ba su da sauran ma'ana.

Masu karatu na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da ƙauyukan da jaridar nan take kaiwa bayan kwana biyu ko uku, kowa ya rubuto nasa takwas ɗin da littafinsa, da Hausa, da hannunsa, ya faɗi dalili ko da layi ɗaya ne. Sharaɗi guda na ƙara a kan na Ingila: littafin da za ka ambata ya zama ka taɓa riƙe shi, ka kuma gaya mana inda ka same shi.