Magungunan Tayar da Naƙuda da Yadda Suke Aiki

A lissafin likitoci, cikin ɗan Adam yakan ɗauki mako 40, kuma galibin mata naƙuda kan zo musu da kanta tsakanin mako na 37 da na 42. Amma akwai lokacin da jira yake zama haɗari, wato kamar ciki ya wuce mako 41 mabiyiya ta soma gazawa wajen ciyar da ɗa, ko faya ta fashe naƙuda ta ƙi tashi, ko hawan jini ya tsananta har ana tsoron jijjiga. A irin wannan hali ne likita kan yanke shawarar tayar da naƙuda da magani, abin da mata suka fi sani da "ruwan naƙuda".

Ya kamata mai karatu ya gane tun farko cewa haihuwa aiki biyu ce. Wajibi ne bakin mahaifa, wanda ya yi wata tara a rufe gam, ya yi laushi ya buɗe, sa'an nan tsokar mahaifa ta riƙa matsawa tana turo ɗa. Kowane aiki da nasa maganin, kuma na farko shi ake gabatarwa, don kuwa tura kaya a ƙofar da ke kulle ba ya haifar da komai sai ɓarna. Saboda haka ne ake fara duba bakin mahaifa da ma'aunin da Edward Bishop ya tsara a 1964, a ba shi maki gwargwadon laushinsa da buɗewarsa da saukowar kan ɗa.

Idan an tarar bai nuna ba, sai a nemi taimakon wani rukunin sinadarai da ake kira furostagilandin, waɗanda jiki da kansa yake yi, masu sassauta zarurrukan da suka ɗaure bakin mahaifa. Abin sha'awa, a Afirka aka fara tayar da naƙuda da su: Sultan Karim da abokan aikinsa ne suka yi haka a Makerere ta ƙasar Yuganda a 1968. Wanda ya fi yaɗuwa a asibitocinmu yau shi ne misofurostol, maganin da asalinsa don gyambon ciki aka ƙirƙiro shi. Yana da arha, kuma zafi ba ya saurin lalata shi. Sai dai ƙwayar da ake sayarwa yawanci maikurogiram 200 ce, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai cikin da ya isa haihuwa a lokaci guda maikurogiram 25 ne kacal, wato kashi ɗaya bisa takwas na ƙwayar. Hukumar ta kuma hana ba da shi ga macen da aka taɓa ciro wa ɗa ta hanyar tiyata, domin tabon yana iya yagewa.

Aiki na biyu kuwa na oksitosin ne, sinadarin da wata 'yar ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa take saki cikin jini. Henry Dale na Ingila ya lura a 1906 cewa ruwan wannan halitta yana sa mahaifa matsawa, Vincent du Vigneaud na Amurka kuma ya haɗa sinadarin a ɗakin bincike a 1953, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1955. Ƙarfinsa a cikin jini yakan ragu da rabi cikin 'yan mintoci, shi ya sa ake zuba shi a ledar ƙarin ruwa, yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ungozoma tana ƙirga matsawar mahaifa tana sauraren bugun zuciyar ɗa. Da ta ga abin ya yi yawa sai ta rage ko ta rufe.

To, me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Duk sa'ad da mahaifa ta matsa, jinin da ke kai wa ɗa iska ta mabiyiya yakan ragu, sai ta saki sa'an nan ya farfaɗo. In matsawar ta wuce sau biyar cikin minti goma, ɗa ba ya samun wannan hutu, sai ya galabaita. Mahaifar ma tana iya fashewa, musamman ga macen da ta yi haihuwa da yawa, ko wadda ɗanta ya kwanta a gicciye. A ganina, nan ne babbar matsalarmu take. Allurar naƙuda da ake yi wa mace a tsoka, a gida ko a kyamis, don wai a hanzarta haihuwa, ba ta da maɓallin rufewa: in ta shiga ta shiga, ga shi babu mai sauraren zuciyar ɗa, babu kuma ɗakin tiyata kusa.

Wata matsalar ita ce ta ajiya. Oksitosin yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma wanda ya daɗe cikin zafin bazara ƙarfinsa raguwa yake yi ba tare da kamanninsa sun sake ba. Ga macen da waɗannan magunguna ba su dace da ita ba, likitoci kan sa wata 'yar roba mai balan-balan a bakin mahaifa, a cika ta da ruwa, ta riƙa buɗe shi sannu a hankali.