Ciwon Cikin Da Hoto Ba Ya Kamawa

Wata damina aka yi zawo a unguwarmu a Dogon Kiriya, Yaya ce ta fi kowa jin jiki. Kwana biyar tana kwance, ana ɗura mata ruwan gishiri da sukari, har Allah ya tashi kafaɗunta. Zawo ya tafi, amma cikinta bai koma daidai ba. Da ta sha furar rana sai ya kumbura kamar ganga, ya dinga murɗa. Yau gudawa, jibi bayan gida ya ƙi fita.

Na kai ta Dogon Dutsi, daga baya har Yamai. An auna jini, an duba bayan gida, an ɗauki hoton ciki. Amsa ɗaya ce: ba a ga kome ba. A mota ta juyo ta ce mini, "Kai ɗan boko, ke nan ƙarya nake yi?" A gida kuwa wasu sun ce olsa ce, wasu sun ce sammu, kanwa da saiwoyi babu irin wanda ba ta sha ba.

Ba ƙarya take yi ba. Abin da ke damunta ya yi wa hoto ƙanƙanta. A jikin bangon hanji akwai ƙwayoyin garkuwar jiki jibge, masu gadin abin da ya shigo ta baki. Cikinsu akwai waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya gano a 1878, ya ga cikinsu cike da ƙananan ƙunshi, ya raɗa musu suna ƙosassun ƙwayoyi. Idan cuta ta shigo sai su fasa ƙunshin, su zubo sinadarai irin su histamin, hanji ya tsatso ruwa, ya yi ta matsa har ya koro abokin gaba. Zawo ke nan.

Matsalar ita ce a jikin wasu, yaƙi ya ƙare amma masu gadi sun ƙi ajiye makami. A 2004 Giovanni Barbara da abokan aikinsa a Bolonya ta Italiya sun duba bangon hanjin masu irin ciwon Yaya, suka tarar da waɗannan ƙwayoyi sun matso dab da jijiyoyi. Iya kusancinsu, iya tsananin ciwon. Jijiyar da ake yi wa wanka da histamin kullum takan zama mai saurin kuka, iskar da kowa ke ɗauke da ita bai sani ba, ita sai ta kai wa ƙwaƙwalwa rahoton azaba.

Ba a ƙauye kaɗai ake ganin haka ba. A shekarar 2000 kashin shanu ya gurɓata ruwan famfon garin Walkerton na Kanada, mutum sama da 2,000 suka kwanta, 7 suka rasu. Bayan shekara biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi zawon suna fama da murɗa da kumburi. A 2021 kuma masana a jami'ar Leuven ta Beljiyam suka nuna yadda abinci ke shiga rigimar: ɓeran da aka ba furotin ɗin ƙwai lokacin da hanjinsa ke da cuta, ko bayan ya warke, da ya sake ci sai ƙwayoyin nan su tashi. Masu gadi sun haɗa baƙo da ɓarawo.

Damuwa ma tana zuga su, shi ya sa cikin Yaya ya fi tashi lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma kada kowa ya yanke wa kansa hukunci. A wajenmu sai an fara kawar da zancen tsutsar ciki, atuni da gyambon ciki. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana rama, ko zazzaɓi, ya nufi likita, kada ya tsaya teburin mai magani.

Likitan da muka gani daga ƙarshe ya sa Yaya ta riƙa lura da abin da ke tayar mata. Ta gano nono ne da wake da yaji. Ta rage su, tana dama furarta da ruwan tsamiya, ta kuma daina kwana da tsoron an yi mata asiri. Ciwon yakan leƙo, amma ba kamar da ba.

Ranar da na gama yi mata wannan dogon bayani, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Duk wannan turanci na mene ne? Ka ce maciji ya sari hanjina, yanzu ko tsumma ya gani sai ya zabura."