Gyaran Sifirin Bayan Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Muna ko a kasuwar kifi ta hanyar Baga, cikin birnin Maiduguri, ya ga yadda ake loda wa motoci kaya. Za a jibga buhunan wake da kwalayen busasshen kifi har bayan motar ya sunkuya, sannan fasinjoji su hau sama. Abin da ke ɗauke da wannan nauyi wani ƙarfe ne da ke ƙarƙashin mota, wanda ake kira sifirin. Idan ya karye a tsakiyar daji, tafiya ta tsaya. Idan kuwa ya karye mota tana gudu, ana iya rasa rayuka. A wannan darasi za mu ga yadda sifirin yake, da dalilan karyewarsa, da yadda ake gyara shi.

Mene ne sifirin?

Sifirin iri-iri ne. Akwai mai kama da murɗaɗɗiyar waya, wanda ake gani a ƙananan motocin zamani. Akwai kuma mai fallaye, wanda shi ne batunmu. Ana yin sa da dogayen fallayen ƙarfe da aka ɗora wani kan wani, aka lanƙwasa su kamar baka. Falle na sama shi ne mafi tsawo, kuma an naɗe bakinsa biyu sun zama kamar zobe. Da waɗannan zobba ake maƙala sifirin a jikin mota. Sauran fallayen suna raguwa a tsawo har zuwa na ƙasa, wanda shi ne ƙarami. Wata ƙusa mai noti tana ratsa tsakiyarsu ta haɗe su. Wasu ƙarafa biyu masu siffar harafin U kuma suna ɗaure sifirin a kan aksil, wato sandar da ke haɗa tayoyin baya.

Idan taya ta faɗa rami, sifirin yakan miƙe kaɗan ya shanye jijjigar, sannan ya koma yadda yake. Da yake tsawonsa yana ƙaruwa idan ya miƙe, zoben baya ba a kafe yake ba. An rataye shi a kan wani ɗan ƙarfe mai lilo domin ya sami wurin motsi. Sifirin yana da aiki na biyu: shi ne ke riƙe aksil a mazauninsa. Hausawa na cewa tsinke ɗaya ba ya shara. Haka ma falle ɗaya ba ya ɗaukar kaya, sai an haɗa su.

Ɗan tarihi

Wannan dabara ta girmi mota. An fara amfani da ita a kekunan doki na Turai. Da aka ƙera mota, sai aka ci gaba da ita. Motar Land Rover ta farko, wadda ta fito a Ingila a shekarar 1948, da irin wannan sifirin aka yi ta. Haka ma tsofaffin motocin ƙawa masu gudu, irin su MGB da aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1962 zuwa 1980, da Ford Mustang ta Amurka wadda ta fito a 1964. Masu sha'awar tsofaffin motoci a can har yau suna gyara waɗannan sifirin da hannunsu.

A ƙasarmu kuwa, an fi sanin sa a jikin akori-kura, musamman Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma motocinsa sun daɗe suna hidima a hanyoyin Arewa. Manyan motocin kaya da tsofaffin Land Cruiser da ke zirga-zirga a jihar Borno su ma da shi suke aiki.

Me ke karya shi?

Dalili na farko shi ne gajiya. Idan ka ɗauki waya kana lanƙwasa ta gaba da baya, daga ƙarshe za ta tsinke. Haka ƙarfen sifirin yake: bayan ya lanƙwasa sau dubbai, sai ƙaramar tsaga ta bayyana, ta yi ta girma.

Na biyu shi ne lodin da ya wuce ƙima, tare da rashin kyan hanya. Hanyar da ta tashi daga Maiduguri ta bi ta Mafa da Dikwa zuwa Gamboru Ngala tana ratsa ƙasar firgi, wato baƙar ƙasa mai danƙo. Da damina takan zama taɓo, da rani kuma ta bushe ta tsattsage. Motar da ta bar kwalta ta shiga irin wannan ƙasa da kaya masu nauyi tana wahalar da sifirinta ƙwarai.

Na uku shi ne tsatsa. Ruwa da yashi sukan maƙale tsakanin fallaye su ci ƙarfen. Motar da ta daɗe cikin ruwa, kamar yadda ya faru a ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, ya kamata a duba ƙarƙashinta da kyau.

Na huɗu shi ne sakin noti. Idan ƙarafan nan masu siffar U suka yi sako-sako, fallayen sukan riƙa motsi a tsakiya, inda aka huda su. Wurin da aka huda kuwa shi ne mafi rauni.

Alamomin karyewa

Direba mai lura zai ga motar ta karkata gefe guda ko da babu kaya. Zai ji ƙarar ƙarfe yana bugun ƙarfe idan ya taka rami. Idan babban falle ko ƙusar tsakiya ce ta karye, aksil yakan goce, sai motar ta riƙa tafiya a karkace, tayoyi kuma su cinye ta gefe ɗaya.

Matakan gyara

Da farko, a ajiye motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa weji a tayoyin gaba. A ɗaga bayanta da jak, sannan a tokare jikinta da ƙarafan tsayawa ko katako mai kauri. Kada mutum ya taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan yashi, domin jak yakan nutse ko ya zame.

Na biyu, a cire taya, a tallafe aksil da jak. A zuba mai a kan notocin da suka yi tsatsa, a ba su lokaci su jiƙa. Sai a kwance ƙarafa masu siffar U, a cire ƙusoshin zobba biyu, a sauke sifirin.

Na uku, a matse fallayen da mari kafin a kwance ƙusar tsakiya. Fallayen a takure suke, kuma idan aka sake su farat ɗaya suna iya fallewa su ji wa mutum rauni. Bayan an raba su, a goge kowanne da burushin waya, a duba ko akwai wata tsaga.

Na huɗu, a sa sabon falle mai faɗi da kauri da lanƙwasa daidai da na dā. A sauya ƙusar tsakiya da ƙarafa masu siffar U da robobin da ke cikin zobba. Ya fi kyau a gyara gefe biyun tare, domin motar ta zauna daidai.

Daga ƙarshe, a mayar da komai, amma kada a ƙarasa ɗaure notocin zobba sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da ita, a sake matse notocin.

Me ya sa ba a walda?

Sau da yawa mai mota yakan roƙi a liƙe masa karyayyen falle da walda domin ya fi sauƙin kuɗi. Makanike na gari ba ya yarda. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne har ya yi ja, aka tsoma shi cikin mai ya yi tauri, sannan aka sake ɗumama shi da wuta mai sauƙi domin ya iya lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Zafin walda yana ɓata wannan hori. Sai gefen da aka liƙe ya zama mai saurin karyewa, kuma zai karye ne a lokacin da kaya suka fi nauyi. Araha ba ta ado.

Tsohon fallen ma ba ya zama asara. Maƙera sukan saye shi su ƙera adda da wuƙa da gatari, domin ƙarfe ne mai riƙe kaifi.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka biyu da sifirin ke yi a jikin mota.
2. Kawo dalilai huɗu da ke sa sifirin ya karye.
3. Me ya sa ake matse fallaye kafin a kwance ƙusar tsakiya?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: araha ba ta ado.
5. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: falle, tsatsa, weji, tokare, lanƙwasa.

Aiki

Ziyarci garejin makanike ko maƙera da ke kusa da ku, ka tambayi sunayen kayan aiki biyar da Hausa, ka rubuta amfanin kowanne.