Injinan Masana'antu da Haɗarin Kutse

Injin da aka haɗa da intanet yana karɓar umarni ta kwamfuta, kuma duk wanda ya kutsa wannan hanya yana iya tsayar da shi ko ya karkatar da aikinsa. Irin waɗannan injina ne ke jiran ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda. Irin wannan kutse ya taɓa faruwa: a 2010 aka gano manhajar Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyam a Natanz ta Iran, tana nuna wa ma'aikata cewa komai lafiya. A 2019 masu neman kuɗin fansa suka kulle kwamfutocin kamfanin Norsk Hydro na Norway, dole aka koma aikin hannu. Ɓarnar takan shigo ta tsohuwar manhaja, ko kalmar sirri mai sauƙin ganewa, ko filashin da aka soka ba bincike.